Hannun Inna Bai Ci Gashina Ba

Gashina gado ne daga kakata ta wajen uwa. Bafulatana ce, kuma cikin jikokinta duka ni kaɗai ta bar wa shi. In na tsefe shi na wanke da karkashi, na zauna a kujera 'yar tsugunno, sai na tattaro shi na aza a cinya, in ba haka ba ya share ƙasa. Ba yabon kai nake yi ba, ai ban yi wani aiki na same shi ba, kuma wahalarsa ba kaɗan ba ce. Ranar wankin kai ba daka, ba tuƙin tuwo, sai zaman jiran ya bushe, wuya yana ciwo. Amma ina son abina, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Lokacin da abin da zan faɗa ya faru ina da shekara biyar da aure, ina goyon ɗiyata ta biyu, muna zaune a Ƙofar Taramniya tare da uwar mijina. Nasara sun riga sun zauna da gindinsu, an daina rugawa gida in an hango su, har in iska ta juyo mukan ji begilar bariki da safe muna tsakiyar shara. Maigidana maɗinki ne, a zaure yake aikinsa. Muna da hatsinmu a rumbu, muna da awaki uku, ba faɗa ba hayaniya. Zaman daɗi muke yi, alhamdu lillahi.

Mai yi mini kitso wata tsohuwa ce da ke bayan katangarmu. Ba mu haɗa jini ba, amma duk unguwa Inna muke ce mata. Gidan ubana ma ba nisa, saboda haka tun ina ƙarama ana danne ni ina ihu, a cinyarta nake aza kaina. Akwai wata kafa a katanga da mata ke bi, ba sai an ratsa zaure ba, ta nan nake shiga wurinta. Mijinta ya rasu tun kafin zuwan Nasara, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya yi rai, tana zaune a ɗaki guda a gidan ɗan wanta. Kitso shi ne abincinta. Da shi take samun gero da goro da ɗan zane, kuma da shi take samun mutane. Rumfarta ba ta rabuwa da mata uku ko huɗu, wannan kwance, waccan tana tsifa, ana hira ana dariya. Ita da kanta takan ce ranar da ba ta taɓa kan kowa ba, tuwo ba ya yi mata daɗi.

A wurinmu ba kyan tsaga kaɗai ake duba wa makitsiya ba, hannu ake dubawa. Akwai hannun da ke karɓar kai, gashi ya yi ta toho yana cika. Akwai kuma hannun da ke cin gashi, ko da kitson ya fi na kowa tsari, sai a ga kai yana ƙarewa. In aka ce wance hannunta yana cin gashi, to ta gama yawo. Ba mai zaginta, ba mai yi mata faɗa, sai dai ta wayi gari ta ga tabarmarta ba kowa. Inna kuwa an shaide ta da hannu mai albarka, kuma ni ce shaidar. In baƙuwa ta zo daga wata unguwa tana ɗan taraddadi, sai Inna ta leƙo ta kafar katanga ta ƙwala mini kira.

"Ɗiyata, zo ki kwance kallabin ga su gani!"

In zo in kwance, baƙuwa ta riƙe baki, Inna ta ce, "Tun tana shan nono ni ka riƙon kan ga." Ƙarya ce kaɗan, amma ban taɓa gyara mata ba.

A shekarar nan ne na fara lura hannun Inna ya yi nauyi. Da, in mun fara da hantsi, kafin azahar na koma gida ina duba tukunya. Sai ya koma la'asar. Sai ya koma har rana ta yi ja. Tushen kitson, wanda ke manne da fatar kai, ba ya ba ta wuya sosai. Jelar ce matsala, wato abin da ya sauko ya yi ta tafiya har ƙasa, ga shi ita ba ta yarda da manyan kitso ba, ƙanana take yi sumul-sumul, kowanne sai ta kitse shi har bakinsa. Gaɓoɓin yatsunta sun kumbura. Ina kwance a cinyarta ina jin tana jan numfashi ta tsakanin haƙora. Takan tsaya ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta ce wai man shanu take wankewa. Wata rana jela ɗaya ta kuɓuce mata sau uku, sai ta dungure mini kai.

"Wagga suma taki santsi gare ta kamar tarwaɗa! Mi kika shafa mata?"

Na ce, "Abin da kinka ba ni, Inna."

Ta ce in rufe mata baki. Muka yi dariya, amma ni dariyar ba ta kai ciki ba.

Na yi ta juya abin a raina. In koma wurin wata makitsiya? Kai, gara in soka mata wuƙa. In rage zuwa? Na gwada, na bar kitso ya yi wata da kwanaki, sai gashin ya cukurkuɗe, aikin ya ninka mata. In ce mata, "Inna, hannunki ya gaji"? Wa ya ga Inna! Matar da in ka miƙa hannu za ka ɗaga mata tulu sai ta tambaye ka ko ka ga an shimfiɗe ta ne. Abu ɗaya ya rage, shi ne in rage tsawon gashin, kuma ba tare da ta sani ba.

To, wa zai rage? Wanzami namiji ne, ba zai ga kaina ba. Ƙanwata kuwa in ta ji da safe, kafin azahar an ji a Ƙofar Rini. Uwar mijina ko kusa, don na sha jin ta tana cewa mace mai hankali ba ta kai ƙarfe kanta sai in ciwo ne ya kama ta. Ya zama ni da kaina ke nan, a ɗakina.

Akwai wani almakashi da wani falke abokin maigidana ya kawo masa daga Kano, irin na Nasara, fari ƙal, yana ɗaukar ido. Namu na maƙera tauna ƙyalle yake yi kafin ya yanke, wannan kuwa ko ƙara ba ya yi sosai. Maigidana ya sa an ɗinka masa kube na jar fata, kuma ba mai taɓa shi. Shi na sa wa ido.

Amma na fara da tambaya, don ina tsoron Allah. Ran nan na kai masa fura zaure da rana, ba kowa, na durƙusa na ce, "Malam, wai in mace ta rage gashinta, zunubi na?"

Ya ɗago kai daga ɗinkin. "Wa za ta rage?"

"Tambaya dai nika yi."

Ya koma kan ɗinkinsa. Bayan kwana biyu ya ce ya tambayi malaminsu. Aski irin na maza bai kamaci mace ba, amma rage baki ba laifi, ai ko mata masu aikin hajji suna rage kamar gaɓar yatsa. Sai ya dubi kallabina ya ce, "Ki hwaɗa ma mai tambayar, gaɓar yatsa anka ce, ba kamu guda ba."

Na sami fatawa, amma ban sami zuciya ba. Juma'a biyu ina ɗauko almakashin nan in maza sun tafi masallaci, ina mayarwa. In na riƙe shi sai in tuna kakata, yadda takan sa ni gaba tana shafa mini kai tana magana da Fulatanci wanda ba na ji. Sai in ce to in na yanke ya ƙi fitowa fa? In kuma maigidana ya ga abin ya yi muni? Har na ce wa kaina, ke wai ina ruwanki, tsohuwa ba ta yi kuka ba ke kina yi mata.

Abin da ya yanke mini shawara ƙaramin abu ne. Wata Asabar muka kai har kiran magariba da sauran jela biyu. Inna ta ce bari ta yi salla. Ina zaune ina gyara goyo, sai na ga ta je ɗaukar buta, yatsun suka ƙi kamawa. Ta waiwaya ta ga kamar ba na kallo, sai ta haɗa wuyan hannunta biyu ta ɗaga butar da su. Na sunkuyar da kai ina wasa da ƙafar ɗiyata. A nan na ce wallahi Juma'a mai zuwa sai na yanke.

Juma'a ta zo. Dama ranar nake tsifa, don Asabar ce ranar kitsona. Maza suka tafi masallaci, uwar mijina ta kishingiɗa tana gyangyaɗi, yara sun yi barci. Na lallaɓa zaure na ɗauko almakashi, na shiga ɗaki na saki asabari. Na raba gashin biyu, na jawo rabi ta kafaɗar dama, rabi ta hagu. Na auna gaɓar yatsa, na yi bisimilla, na rufe ido na datse. Da na buɗe ido sai ga shi a kan zanena, ɗan baƙin abu, ko ciwo babu. Na ce af, dama abin ke nan?

Sai na gwada ɓangarorin biyu a ƙirjina, na ga na hagu ya fi tsawo. Na rage shi. Sai na dama ya fi. Na rage shi. Kai, wannan daidaitawa ita ta cinye ni. Kafin in ce na gama, gaɓar yatsa ta zama faɗin yatsa uku. Na lakaci man shanu na murza bakin gashin tsakanin tafuna don kada a ji kaifin yankan. Abin da na yanke kuwa, bisa al'ada binne shi ake yi, kada tsuntsu ya kai sheƙa ko wani mugu ya samu. Amma ina zan yi tono a tsakar gida uwar mijina ba ta tambaye ni abin da nake binnewa ba? Na ƙulle shi a tsumma na tura ƙasan adudu, ƙarƙashin zannuwana. Na goge almakashi na mayar kafin a sauko daga masallaci.

Washegari na kwanta a cinyar Inna. Ta yi kitsonta kamar kullum. Muka gama rana da sauran haske sosai. Na dawo gida har ina 'yar waƙa.

Tun da na ga haka, sai abin ya zama jiki. Duk Juma'ar tsifa sai na rage, kuma kullum daidaitawa ta ƙara mini a kan abin da na yi niyya. Sau biyar na yi. Gashin da ke share ƙasa ya dawo ƙugu, daga nan ya ɗan haura. Muka koma gamawa kafin la'asar. In faɗi gaskiya, har na fara jin daɗin abin don kaina. Kaina ya yi sakayau, in na wanke da hantsi kafin azahar ya bushe, goyo ya daina kama mini jela yana ja. Watannin nan ina cikin jin daɗi, ina ganin ba wadda ta kai ni dabara a Sakkwato.

Akwai alamu, ni ce ban karanta ba. Inna ta daina kira na in kwance wa baƙi kallabi. Ta fara tambayata ko ina jin zazzaɓi, ko ciki gare ni, ko ina cin abinci. Ta bar man shanu ta koma shafa mini man kaɗe da wani gari da ta ce daga wajen Fulanin daji ta samo. In ta zo ƙarshen jela sai in ji ta daɗe tana riƙe da ita. Ni kuwa wawuya ina dariya a ciki, ina cewa tsohuwa ba ta gano ba.

Wata Asabar, kaina a tsefe, na bi ta kafa, sai na ishe rumfa ba kowa. An naɗe tabarma an jingine. Inna tana zaune bakin ƙofar ɗakinta da tasbaha. Tsinken ƙarfen da take tsaga kai da shi, wanda muke ce wa kibiya, kullum a soke yake a gashinta, ranar babu shi. Na gaishe ta, na ce lafiya?

Ta ce, "Lahiya lau. Zauna, ɗiyata." Na zauna. "Ki nemi wata ta riƙa yi miki. Ni na bar kitso."

"Subhanallahi! Inna, mi ya faru?"

"Hannuna ya juya. Shina cin gashi."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Ta ce ita ba ta auna gashina da ido, da taƙi take aunawa, tun ina budurwa. Da taƙi biyar ne da yatsa biyu, yanzu da ƙyar ya kai uku da rabi. Ta canja mai, ta yi addu'a, ta sha rubutu, kullum ƙara raguwa yake. Ta ce tun da kan da ya fi kowane kai karɓar hannunta ya fara ƙarewa, to na sauran ma yana hanya. Ita kuwa ba za ta ci amanar ɗiyan mutane ba. Tun shekaranjiya ta tara matan da ke zuwa ta faɗa musu da bakinta. Har wata maƙwabciyarmu ta ce ai dama ta lura gefen kan ɗiyarta ya fara zubewa, ta kwashi 'ya'yanta ta kai su wurin wata a Ƙofar Rini.

"Ki yafe mini, ɗiyata," in ji ta. "Na ɓata miki gadon kakarki."

Kun san abin da na ce? "Allah shi sawwaƙe, Inna." Shi ke nan abin da ya fito daga bakina. Na tashi na bi ta kafa na dawo ɗaki na fashe da kuka. Har yau in na tuna wannan "Allah shi sawwaƙe" sai in ji kunya ta rufe ni.

Kwana uku ina fama. In na yi shiru, sunan Inna ya mutu, ta ƙare kwananta a bakin ƙofa ba mai leƙa ta, kuma a kan laifin da ba ta yi ba. In na faɗa, dole in faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ta fi ƙin a sani. Ga uwar mijina, ga bakin matan unguwa. Na ɗaure kaina tsefe a cikin kallabi, tuwo ma sai da na ƙona har sau biyu.

A rana ta uku na kai wa maigidana abinci zaure, na durƙusa na kasa tashi. Na fara kame-kame, sai ya ɗaga mini hannu.

"In zancen almakashi na, na daɗe da sani."

Na ce, "Wa ya hwaɗa maka?"

Ya jawo wata farar riga da yake yi wa wani attajiri, ya nuna mini ɗan tabon maiƙo a wajen wuya. Ya ce tun watanni almakashinsa yake ƙanshin man shanu duk ranar Asabar, kuma shi bai san almakashi yana shan fura ba. Na ba shi labarin Inna duka. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ce, "Kin yi don alheri, amma kin ɗauki abin da ba naki ba. Gashin naki na, sunan nata na. Tashi ki tahi yanzu."

Na ɗauko ƙullin tsumman daga adudu, na bi ta kafa. Hantsi ne. Tana nan inda na bar ta. Na durƙusa gabanta na kwance ƙullin a kan faifai. Ta sunkuya ta duba, idon ba ya gani sosai. Ta ɗauki tufka ɗaya ta murza bakinta da yatsa, ta sake murzawa. Sai na ga ta kai shi leɓenta ta goga a hankali.

"Almakashi," in ji ta.

"I, Inna."

"Wa ya yi miki?"

"Ni da kaina."

"Sau nawa?"

"Biyar."

Na jira faɗa, faɗa bai zo ba. Ta ajiye gashin, ta buɗe tafunanta biyu a kan cinya tana kallonsu.

"Sau biyar ina riƙe da bakin gashin ga a yatsuna, ban ji yankan ƙarfe ba. Ni da nika gane gashin da anka wanke da ruwan rijiya da wanda anka wanke da na gulbi."

Wallahi da ta mare ni ya fi mini sauƙi. Na zo in wanke hannunta daga cin gashi, ga shi na nuna mata abin da ko ni ban sani ba, cewa yatsun ba ƙarfi kaɗai suka rasa ba, har ji sun daina. Na fara kuka ina ba ta haƙuri. Ta ce in yi mata shiru, ta tambaye ni dalili. Na ce, "Na ga kin ɗauki buta da wuyan hannu."

Ta juya wuyan hannunta ta duba. Can sai ta ja tsaki.

"Ke dai anka yi sakarya. Mi ya hana ki ce in yi miki tushe, ke ki kitse jelarki da hannunki? Ba ki da yatsu?"

Na share hawaye na ce, "Da na hwaɗa, kina yarda?"

"Ba ni yarda," in ji ta. Sai dariya ta kuɓuce mata, irin wadda ke zuwa da tari. Ni ma na kama, ga hawaye ga majina.

Da ta nutsu ta ce to, tun da a ɓoye na yi ɓarna, gyara a fili za a yi shi. In tashi in bi gida-gida in kira mata duk matan da ke zuwa wurinta, har da uwar mijina. Haka na yi, ina bi ta kafofin katanga ina sallama, kowa na tambayata lafiya, ina cewa Inna ke kira. Kafin azahar rumfa ta cika. Ta sa aka shimfiɗa tabarma, ta sa faifan a tsakiya, ta ce in kwance kallabi in yi bayani da bakina.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Uwar mijina ta yi salati har sau uku, ta ce ashe da mahaukaciya take kwana a gida ba ta sani ba. Wata ta ce tun da na iya, ga akuyarta can tana bukatar aski. Faifan ya zaga hannu-hannu, kowa tana taɓa bakin gashin tana cewa ai kuwa yanka ne, ga shi a daidai kamar bakin tsintsiya sabuwa. Maƙwabciyar nan da ta kai 'ya'yanta Ƙofar Rini ta ce dama ita ta san ɗiyarta ce ke kwana a gefe guda, shi ya cinye mata gashin. Aka yi mata ca, aka ce ba haka ta faɗa ba ran nan.

Na ɗauka an gama, sai Inna ta ɗaga hannuwanta biyu sama, yadda kowa zai ga kumburin.

"Kun gani, hannuna bai cin gashi. Amma ku dube shi da kyau, ya gaji. Wagga ɗiya ta riga ku gani, ta rasa yadda za ta hwaɗa mini, shi ya sa ta yi wauta. Yanzu na hwaɗa da kaina, kada wata ta sake yanke kanta saboda ni." Ta juyo gare ni. "Ke kuma, tun da kin iya yankewa, sai ki koyi kitsawa. Ni tsaga da tushe, ke jela. Ki tambayi mijinki."

Uwar mijina ta ce ba sai an tambaye shi ba, ita ta ba da ni, a riƙe ni can ko gidan ya huta.

A ranar aka fara, kuma da kaina aka fara. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kibiyarta, na kwanta a cinyarta. In ta gama tushe sai ta jefo mini jelar ta kan kafaɗa ta ce, "Karɓi." In kitse ina kwance, tana tsaga na gaba. Ta farko ta fito a karkace, ta ƙwanƙwashe mini yatsa da kibiya ta ce in warware. Matan suna zaune suna kallo suna ba da shawarar da ba wanda ya tambaye su. Gashin da ke faifai kuwa, uwar mijina ce ta tafi da shi ta binne da hannunta a gindin lalle, tana yi tana mita.

Daga nan kullum in na gama aikin safe sai in goya ɗiyata in bi ta kafa. Mu zauna gefe da gefe, kan mace ɗaya, hannu huɗu. Yatsuna sun sha kibiya kafin su iya. Sannu a hankali ta fara bar mini tushen ƙeya, wai bayanta ke ciwo in ta sunkuya. Daga baya ta bar mini gefe guda. A shekarunta na ƙarshe tsaga ɗaya take yi, ta tsakiyar kai, daga goshi zuwa ƙeya, ta yi bisimilla ta ja, sannan ta jingina da bango tana ɓara goro tana yi mini faɗa. Rumfar ba ta sake zama ba kowa ba. Gashina ya dawo, ko da yake bai sake kai ƙasa ba, ban kuma sake kai masa ƙarfe ba.

Har Allah ya karɓi abinsa, ba macen da ta tashi daga tabarmar nan ta ce ni na yi mata kitso. In an tambaye ta a gidan biki wa ya yi mata, sai ta ce kitson Inna ne. Ina zaune a wurin nake ji, wani lokaci da man kan matar bai gama fita daga yatsuna ba, in ce ai kuwa hannun Inna akwai albarka.